Na rage ƙiba da barin tuwo da shinkafa, yanzu yaya zan riƙe nauyina?

'Yar Aji Shida ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekarata 17, ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sani. Bara nauyina ya kai kilo 84, alhali ni ba doguwa ba ce. Ranar da telar gidanmu ta zo awon ɗinkin Sallah, ta zagaya tef a ƙuguna, ta ce a gaban ƙannena sai an ƙaro yadi, ranar ce na ƙudurta a raina cewa sai na rage jiki. Na bi tsarin da na gani a intanet wanda ake kira keto, na bar tuwo da shinkafa da taliya da burodi da doya da fura, har ayaba da mangwaro na daina sha. Na koma ƙwai da kifi da kabeji da zogale da gyaɗa, da nama idan an samu. Cikin wata takwas na sauko kilo 71.

Sai dai abin ya fara fin ƙarfina. Umma ta gaji da ɗora tukunya biyu, kuɗin ƙwai ya yi wa gidanmu yawa, jiri yana ɗibata idan mun daɗe a tsaye a filin taron safe, gashina yana cika mataji, kuma sau biyu al'adata tana tsallake wata. Makonni uku da suka wuce aka yi bikin yayata, na ci shinkafa da waina kamar kowa na tsawon kwana biyar, da na hau sikeli sai na ga kilo 73. Na shiga ɗaki na yi kuka. Don Allah, shin wanda ya rage jiki ta wannan hanya ba zai sake cin tuwo ba ke nan har abada? Idan kuma akwai yadda zan koma abincin gida ba tare da ƙibar ta dawo ba, ku taimaka mini da bayani.

Anti Mai Ilimin Abinci ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki share hawayenki, domin kilo biyun da kika gani mafi yawansa ruwa ne. Jikin mutum yana ajiye sukari a hanta da tsoka a wani yanayi da ake kira gilaikojin, wanda a jikin babban mutum yakan kai kimanin giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Lokacin da kika bar abinci mai sitaci, wannan ajiya ta ragu, ruwan da ke tare da ita ya fita, shi ya sa masu wannan tsari suke ganin sikeli ya faɗi da sauri a makon farko. Da kika ci shinkafar biki, sai jiki ya sake cika rumbunsa, ruwan ya dawo tare da shi. Kafin mutum ya tara kilo biyu na kitse zalla cikin kwana biyar, sai ya riƙa cin fiye da ninki biyu na abin da jikinsa yake buƙata kullum, kuma ban ga alamar haka a bayaninki ba.

Yana da kyau ki san asalin tsarin da kika bi. A shekarar 1921 wani likita mai suna Russell Wilder ya tsara shi a asibitin Mayo da ke Amurka domin masu fama da farfaɗiya, musamman yara, kuma ana yin sa ne a ƙarƙashin kulawar likitoci. Daga baya, a 1972, Dokta Robert Atkins ya yaɗa rage sitaci a matsayin hanyar rage ƙiba. Tsarin yana rage nauyi, wannan gaskiya ne, amma bai fi sauran hanyoyi ba idan tafiya ta yi nisa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford sun fitar da sakamakon bibiyar manya 609 na tsawon shekara guda, rabinsu sun rage sitaci, rabinsu sun rage maiƙo. Masu rage sitaci sun zubar da kimanin kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5.3, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba. Saboda haka tuwo ba abokin gabarki ba ne. Abin da ya rage miki jiki shi ne raguwar yawan abin da kike ci gaba ɗaya, da barin kayan zaƙi.

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne tsallakewar al'ada da jiri da zubewar gashi. Waɗannan alamu ne da ke iya nuna cewa jikinki ba ya samun abin da ya ishe shi, ko kuma akwai ƙarancin jini. A shekarunki ƙashi yana kan ƙaruwa da ƙarfi, kuma ƙarfin da ya tara yanzu shi ne jarin da za ki ci har tsufa. Ina roƙonki ki gaya wa Ummanki duka abin da kika rubuta a nan, ku je asibiti a wannan makon a auna jininki, kada ki jira ki ga ko zai gyaru da kansa.

Game da komawa abincin gida, a hankali za ki yi. Ki fara da wake, wanda ya haɗa sitaci da sinadarin gina jiki kuma yana daɗewa a ciki: alale, ko wake da alayyafo. Bayan mako ɗaya ki ƙara malmalar tuwo ƙarama da dare, na dawa ko na gero ko na acca, da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe mai yawa. Ki dawo da 'ya'yan itatuwa da nono marar sukari. Idan za ki zuba abinci, rabin faranti ya zama ganye, kamar kwaɗon zogale ko rama, ɗaya bisa huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko awara, ragowar kuma tuwo ko shinkafa. Ki sa a ranki tun yanzu cewa sikeli zai ɗan hau da kilo ɗaya ko biyu sannan ya tsaya.

Maman Ɗan Auta ta amsa:

Ƙanwata, na karanta saƙonki sai na ga kaina shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ina da shekara 18 na bar sitaci na rage kilo 15, kowa yana yaba ni, har ƙawayena suna tambayar sirrin. Da na shiga makarantar gaba da sakandare na kasa riƙewa, domin abin da ake sayarwa a bakin ɗakin kwananmu taliyar leda ce da burodi da shayi. Zan daure kwana goma ban taɓa ba, a rana ta goma sha ɗaya in ci kamar wadda aka kora daga gari, sai in ji na yi laifi in sake rufe baki. Kafin in gama karatu na wuce inda na faro. Na sayi shayin rage ƙiba daga wata mai talla a waya, kwana uku ina zarya banɗaki, har sai da aka ƙara mini ruwa a asibiti. Don girman Allah ki nisanci irin waɗannan shayi da ƙwayoyi, ruwan jikinki kawai suke zubarwa.

Abin da ya tsayar da ni daga baya ƙananan abubuwa ne. Na nemi ƙaramar mara, na ce da ita za a riƙa kwashe mini nawa tuwon, kuma na daina ci a tire ɗaya da mutanen gida, domin a tire hannu ba ya sanin iyakarsa. Na bar lemon kwalba kwata-kwata, zoɓo da kunun aya kuwa ni nake haɗa nawa da ɗan dabino. A watan azumi ne na fi shan wahala, domin a da nakan buɗe baki da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari a zama ɗaya. Yanzu dabino uku da ruwa, in yi sallar magariba, in dawo in ci abinci sosai sau ɗaya. Shekara huɗu ke nan nauyina yana wasa tsakanin kilo 70 da 73, har da haihuwa ɗaya a tsakani, kuma ina cin tuwo kusan kullum.

Malamin Wasanni ya amsa:

'Yata, na yarda da bayanin Anti, sai dai ina so in ƙara abin da na ga ba a taɓo ba, wato motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana. A Amurka akwai wata rajista da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, mai bibiyar manyan da suka rage aƙalla kilo 13 da ɗoriya kuma suka riƙe hakan shekara ɗaya ko fiye. Mutanen cikinta sun haura 10,000, sun rage jiki ta hanyoyi daban-daban, amma mafi yawansu sun haɗu a kan motsa jiki na kusan awa guda kullum, da karya kumallo, da hawa sikeli sau ɗaya a mako. Na san yarinya a garuruwanmu ba kullum take samun filin gudu ba, amma akwai igiyar tsalle a tsakar gida, akwai tafiya islamiyya da ƙafa, akwai daka da wanki da ɗibar ruwa, kuma duk suna cikin lissafi. Ki kula da barci ma, domin ana so matashi ya samu awa 8 zuwa 10, kuma wanda ya kwana yana latsa waya yakan tashi da kwaɗayin zaƙi.

'Yar Aji Shida ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na nuna wa Umma amsoshinku, ta ce gobe da safe za mu je asibiti. Anti, akwai abin da na ji kunyar faɗa tun farko: ina hawa sikeli sau uku a rana, kuma tun da na rage jiki yunwa ta fi damuna fiye da lokacin da nake da ƙiba. Shin raunin zuciya ne?

Anti Mai Ilimin Abinci ta sake amsawa:

Ba raunin zuciya ba ne, 'yata, haka jiki yake yi. A 2011 masu bincike a birnin Melbourne na Ostireliya sun bibiyi manyan da suka rage nauyi, suka gano cewa har bayan shekara guda sinadarin da ke tayar da yunwa yana sama da yadda yake a da, wanda ke sanar da ƙoshi kuma yana ƙasa. Maganin wannan yunwa shi ne abinci mai riƙe ciki a kan lokaci, safe da rana da dare, ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Inda za ki tsananta shi ne abin sha, domin kwalbar lemo ƙarama ɗaya tana ɗauke da kusan cokalin shayi tara na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau a tsaya a wajen cokali shida a yini.

A kan sikeli kuwa, a nan na ɗan saɓa da Malam. Binciken da ya kawo a kan manya aka yi shi, ke kuma kin riga kin kai matakin da lambar sikeli take sa ki kuka, har kina hawa sau uku a yini. Ki gaya wa likita wannan ma gobe, kamar yadda kika gaya mini, domin irin wannan damuwa kan abinci da nauyi tana iya zama ciwo mai buƙatar kulawa, kuma tana da magani idan an tare ta da wuri. Ki miƙa wa Umma sikelin ta ajiye a ɗakinta, ki bari a riƙa auna ki a asibiti ranar da likita ya sa miki. Idan kun dawo ki sanar da mu abin da gwajin jinin ya nuna, sai mu duba yadda za a tsara miki abincin da za ki tafi da shi makaranta.