Zauren Iyaye Mata: ɗigon jini a kashin jariri, wace madara za a canja?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wace madara ce ba ta wahalar da ciki? Yarona watansa 4, da na koma aiki na fara haɗa masa da ta gwangwani. Yanzu kashinsa duk majina, jiya har da ɗigon jini. Ga tumbuɗi ga kukan dare. Zazzaɓi dai babu.

Uwar Biyu: Wa'alaikumus salam. Haƙori ne, Allah ya raya mana.

Hajiya Babba: Haƙori har da jini, 'yar nan? Ki duba duburarsa, in ta yi ja to ɗankanoma ne.

Maman Ilham: Hajiya ki yi haƙuri, kalmar ɗankanomar nan ita ta wahalar min da Ilham. Haka ta fara, sak irin ta Maman Hanif, ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a kumatu da lanƙwasar hannu. Mai kemis ya ce atini ne, ya ɗora mu kan Flagyl, muka gama, ya koma Septrin. A gida kuma ana ta jiƙe-jiƙe da turare. Yarinya ta rame, wuya ya zama kamar mariƙin lema, dangin uba suka fara cewa nonona ne ba shi da kyau. Wani asibitin kuɗi suka ce mu sayi madara marar lactose, muka saya da tsada, ko gezau. Sai da muka dace da likitan yara ya zauna ya tambaye ni me take ci, ni ma me nake ci, sannan ya ce alaji ce, wato jikinta ne ba ya karɓar furotin na madarar shanu. Ya ce a daina gwangwanin, ni kuma in bar duk abin da ya fito daga saniya, domin yana bi ta ruwan nono. Fura da nono, kindirmo, man shanu a miya, madarar shayi, har biskit sai na karanta bayan leda. Ni da ba na iya barci sai na sha fura! Amma jinin ya ɗauke, kukan ya tafi, kumatu suka dawo. Yanzu tana firamare, yogot ma sai an ɓoye mata.

Uwar Biyu: Man shanu ma? To a kai kasuwa.

Amaryar Zaure: Nonon akuya fa? Kakata ta ce shi ake ba marayu.

Anti Nas: Amarya a'a. Furotin ɗin nonon akuya da na tumaki kusan ɗaya ne da na saniya, yaron da wancan ya dama wannan ma zai dame shi. Marar lactose kuma sukarin madarar kawai aka cire, furotin yana nan, shi ya sa bai yi wa Ilham aiki ba. Amfaninsa ga yaron da gudawa ta goge masa hanji ne na ɗan lokaci. Ta waken suya ba a so kafin wata 6, kuma wasu yaran ita ma ba sa karɓa. Akwai madara ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta, likita ke rubutawa, tana da tsada sosai. Maman Hanif, in za ki iya tatsa ki ajiye masa ya fi miki sauƙi. Amma jini a kashin jariri ba a zaure ake yanke masa hukunci ba, ki kai shi gobe. In kina Kano ga asibitin Hasiya Bayero ga na Malam Aminu Kano. Ki ɗauki hoton famfas ɗin ki nuna.

Maman Hanif: Na gode Anti. Gwajin jini za su yi?

Anti Nas: Irin alajin da ke taɓa ciki sau da yawa ba ta fitowa a gwajin jini. Cire madarar shanu ake yi mako 2 zuwa 4, in ya samu sauƙi a sake gwadawa a gani ko zai dawo, da sanin likita. Ke ma za a ba ki maganin calcium in kin bar madara. Amma in leɓe ya kumbura, ko borin jini ya feso, ko numfashi ya canja, ko ya yi ta sheƙa amai har ya yi laushi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, wannan ba a jiran gobe.

Hajiya Babba: Mu dai goma muka haifa, ba mu san wata alaji ba.

Uwar Biyu: Hajiya lokacinku ai babu gwangwani, goyo ne har shekara biyu.

Hajiya Babba: To wa ya aike ku aikin?

Maman Ilham: Kuɗin makaranta ne ya aike mu, Hajiya.

Maman Sadik: Ni nawa kunun Tom Brown ne. Duk ranar da ya sha, bayan kamar awa biyu sai amai. Na ɗauka gyaɗar ce.

Anti Nas: Zai iya zama waken suyan, ko madarar da kike zubawa a kai. Abu huɗu biyar a kofi ɗaya, ta ina za ki gane mai laifi? Ki tsayar da shi, ki rubuta abin da yake ci da lokacin aman, ki kai wa likita. Kada dai ki bi ki hana shi ƙwai da kifi da gyaɗa gaba ɗaya a kan zato, tamowa za ki jawo masa.

Maman Zee: 'Yan uwa akwai Tom Brown ɗina mai dabino, babu wake in kun ce a cire. A yi min magana ta gefe.

Admin: Maman Zee, talla ranar Asabar ce. Karo na nawa ke nan?

Maman Zee: Taimako na kawo fa, ranki ya daɗe.

Uwar Biyu: Taimako da lambar akawun.

Amaryar Zaure: Ni tambayata, awara ma madara ce? Don in ita ma za a hana, gara in sani tun kafin in haihu.

Maman Ilham: Wake ce Amarya, ci abinki. Maman Zee nawa ne rabin kwano?

Admin: Maman Ilham har da ke?