Injin disket ya daina karatu: me za a ɗaura a gurbinsa?

Mai shagon ɗinki, unguwar Zariya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar masu gyara nake nema. Injin surfani ne na kwamfuta, daga disket yake ɗaukar zane, ga kuma tsohuwar kwamfuta 486 mai DOS da ake shirya zanen a kanta. Duka biyun sun fara ƙin karanta disket, sabon disket kuma babu shi a kasuwa. An ce akwai abin da ake ɗaurawa mai cin filas ko memori. Wanne za a saya, kuma yaya ake haɗa shi?

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari: Wa alaikumus salam Hajiya. Gotek sunansa. Girmansa ɗaya da injin disket na inci 3.5, ramukan kusoshi ɗaya, bayansa ƙafa 34 da soket ɗin wuta mai ƙafa 4, gabansa kuma bakin USB da maɓalli biyu da ɗan allon lamba. Injinki zai ɗauka disket ne na gaske aka sa masa. Sai dai ki sani tun yanzu, ba ya ƙara sauri kuma ba ya ƙara wuri. Kowane disket na cikin filas yana nan a 1.44MB ko 720KB ɗinsa, yawansu ne kawai ya ƙaru. Sabon disket kuwa kada ki wahalar da kanki nema, Sony ta daina yin sa tun 2011.

Kafin ki ba da kuɗi a duba abu biyu. Ɗauko disket ɗin da injin yake karɓa: in rami biyu ne a kusurwoyinsa, HD ne na 1.44MB, in rami ɗaya ne, DD ne na 720KB. Sannan a buɗe injin a ƙirga ƙafafun bayan tsohon injin disket ɗin. In 34 ne da faffaɗar waya, SFR1M44-U100K ya yi. In siririyar leda ce mai layi 26, irin ta laftof, wannan wani samfuri ne daban, na 34 ba zai shiga ba.

Injiniyan lantarki, unguwar Ali Ɗan Sofo: Kada a kwance komai tukuna. Aikin farko shi ne kwafe tsofaffin disket ɗin tun injin yana ɗan motsi, don zanen da ke cikinsu ya fi injin daraja. A tura ɗan maɓallin kusurwa har ramin ya buɗe, shi ne kulle rubutu. A goge kan injin da auduga da ispirit na isopropil, a bari ya bushe. A ja murfin ƙarfen disket a leƙa faifan a haske: in akwai farin tabo, fumfunar damina ce, kada a sa shi, zai shafa wa kan injin datti ya je ya karce na gaba. Masu kyau a mayar da kowanne fayil guda, wato hoton disket ko IMG, da manhajar WinImage, ko da ddrescue ga mai Linux, wanda yake tsallake wurin da ya lalace ya dawo masa daga baya. Fayil ɗin HD dole ya fito bayit 1,474,560 cif, na DD 737,280. In lamba ta bambanta, kwafin bai cika ba.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Injiniya, injin disket na USB da ake sayarwa zai iya wannan kwafin?

Injiniyan lantarki: Zai iya in disket ɗin tsarin DOS ne, 720KB ko 1.44MB. Bayan wannan bai san komai ba. Na Amiga mai 880KB, ko na wasu tsofaffin injinan surfani irin Barudan da ZSK masu nasu tsarin, sai Greaseweazle. Ƙaramin allo ne da ke shiga tsakanin injin disket na gaske da sabuwar kwamfuta, yana ɗauko maganaɗisun faifan yadda yake ba tare da ya damu da tsarin ba, sai a ajiye shi a matsayin fayil ɗin HFE, wani nau'in hoton disket. Hanyar ganewa mai sauƙi: in 486 ɗin Hajiya tana nuna fayilolin disket ɗin da DIR, umarnin DOS mai jero fayiloli, to na DOS ne, an huta.

Mai gyaran rediyo da fiyano, Babbar Kasuwa: Ni shawarata a bar wa Gotek ɗin manhajar da ya zo da ita daga kamfani. Ana yanka filas ɗin gida-gida da ƴar manhajar Windows, 000, 001, 002, yaran shago su danna maɓalli su zaɓa. Ba buɗe murfi, ba dalma.

Mai gyaran kwamfuta: Yaya, a nan ban bi ka ba. Ta kamfani tana rubuta disket ɗin a jere cikin filas ta hanyar da Windows ba ta gane ba, gidan farko kaɗai take gani. Ranar da wani ya sa filas ɗin a wata kwamfuta ta ce a yi format ya amsa, duka sun tafi. Kuma samfurin 1.44MB ba ya yin 720KB, sai an sayi wani. FlashFloppy, manhajar da ake zuba wa Gotek a madadin ta kamfani, wadda Keir Fraser ya rubuta kuma kyauta ce, tana karanta fayilolin IMG da HFE da ADF kai tsaye daga filas mai FAT32, ana kwafe su kamar kowane fayil, kuma na'ura ɗaya tana yin DD da HD. Akwai kuma HxC ta Jean-François Del Nero, ita ana biyan lasisi, ta daɗe a hannun masu injinan masana'antu.

Mai gyaran rediyo da fiyano: Na yarda da batun format ɗin. To ka faɗa musu yadda ake zuba ta, don nan ne mutane ke tsoro.

Mai gyaran kwamfuta: Kusoshi ne a ƙasa, a cire murfi a karanta abin da ke rubuce a kan babban cif. Na da STM32F105 ne, daga 2021 aka koma Artery AT32F415, sannan AT32F435. Mai saye yanzu ya nemi mai 435, ya fi wurin aiki nesa ba kusa ba, HFE ba ya yi masa nauyi. Kusa da soket ɗin wuta akwai ramuka a jere. Ana haɗa BOOT0 da 3.3V da guntun waya, a jona Gotek da kwamfuta ta wayar USB mai kai iri ɗaya gaba da baya, a buɗe manhajar zubi ta kamfanin cif ɗin, ta ST ko ta Artery, a cire kariyar karatu, a zuba fayil ɗin. Jerin ramukan ya bambanta daga allo zuwa allo, saboda haka a bi hoton allon da ke hannu, ba na wani ba. Lokacin zubi kada wayar wutar inji ta kasance a jone. Cire kariyar nan yana goge manhajar kamfani har abada, babu komawa. In an gama aka kunna ba filas, allon zai nuna F-F. Daga nan sabuntawa ba ta buƙatar buɗe murfi: fayil ɗin UPD a filas, a danne maɓallan biyu a kunna.

Injiniyan lantarki: Wurin ɗaurawa nan ne ake ƙona kaya, a kula. Wayar wuta tana da ja 5V, baƙaƙe biyu, da rawaya 12V. Gotek 5V kaɗai yake ci. In aka juya soket ɗin, 12V ta shiga inda 5V take, cif ya tafi nan take har da filas ɗin. A kan injin surfani kada a amince da launin waya, a sa mita a auna kafin a jona. Faffaɗar waya kuma jan layin gefenta shi ne ƙafa ta 1. In an juya ta ba ta ƙona komai, amma fitila za ta kama ta ƙi mutuwa kuma ba zai karanta ba.

Sai jampa, ƴan hulunan nan baƙaƙe na baya. Ga 486: jampa a S1, wata a JC, a jona a kan da ke bayan murɗin wayar, shi ne A:. A BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, a sa Drive A a 1.44MB 3.5. Ga injin surfani a fara da S0 ba JC, in bai gani ba a koma S1. Jampa ɗaya kawai tsakanin S0 da S1 da MO, ba biyu ba.

Dalilin JC ɗin yana da muhimmanci: ita ce ke sa Gotek ya bi tsarin PC. A PC ƙafa ta 34 tana sanar da cewa an canza disket. A tsarin Shugart, wanda Amiga da injina da yawa suke bi, ƙafar nan cewa take na shirya, sanarwar canji kuma tana ƙafa ta 2. In aka saɓa, ko dai injin ya yi ta cewa babu disket, ko kuma abin da ya fi muni: a koma disket na 005 amma DOS ta ci gaba da nuna jerin fayilolin 004. Duk wanda ya yi ajiya a wannan hali ya rubuta teburin wancan a kan wannan, zanen ya rikice. Don haka gwajin farko bayan ɗaurawa shi ne a yi DIR, a canza lamba, a sake DIR, a tabbata jerin ya canza. In jampa ba ta warware ba, a rubuta fayil FF.CFG a filas da layin interface = ibmpc ko interface = shugart.

Mai gyaran rediyo da fiyano: Ƙari ga masu fiyano, tunda suna cikin zauren. Wasu fiyanon jira suke injin disket ya gaya musu HD ne ko DD ta ƙafa ta 2. Alamarsa, DD yana karantuwa HD yana ƙi. Maganinsa interface = ibmpc-hdout.

Mai shagon ɗinki: Allah ya saka da alheri. To filas wane girma, kuma yaya zane zai shiga ciki?

Mai gyaran kwamfuta: Amin Hajiya. Ƙarami ya fi. Disket 1,000 na HD ba su wuce 1.5GB ba, don haka 4GB ko 8GB ya isa har ya yi saura. Memorin waya a cikin ɗan abin karantawa na USB ma yana yi, in dai bai wuce 32GB ba, don daga 64GB da exFAT suke zuwa. A gwada shi da H2testw kafin a amince masa. Na jabu yana nuna 32GB alhali cikinsa kaɗan ne, yana karɓar fayil lafiya, sai an zo buɗewa a tarar da shara.

A sa nav-mode = indexed a FF.CFG, a raɗa wa fayilolin DSKA0000.IMG, DSKA0001.IMG, haka har ƙarshe, lambar allo za ta dace da lambar fayil. A manna takarda a jikin inji mai cewa wace lamba ce wuyan riga, wace ce hula. Zuba zane kuma da WinImage: a buɗe IMG, a jefa fayil ɗin zanen, wato DST, a ajiye. Suna kada ya wuce harafi 8, ba tazara. Disket na HD ba ya ɗaukar fiye da fayil 224 a farfajiyarsa, na DD 112, ko da wuri ya rage. In allo ya nuna E34 bai ga fayil ko ɗaya ba, in E31 fayil ɗin ne bai yi daidai ba, a duba girmansa.

Injiniyan lantarki: Kuma kada a zare filas fitila tana ƙiftawa. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu ita ma haka take lalata fayil, saboda haka 486 ɗin tana son ondilar, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ko ƙarama ce, kuma kwafin dukkan IMG ɗin ya zauna a wani wuri daban. Da hunturu a bar filas a jone ko a toshe bakin, ƙura na taruwa a ciki.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Babban faifan 486 ɗin fa? Shi ma ai ya tsufa.

Injiniyan lantarki: Wannan katin CompactFlash ne maganinsa, ƙanena. CF yana jin yaren IDE, tsarin haɗin tsohon babban faifai, da kansa, adaftarsa waya ce kawai ba cif: mai ƙafa 40 ga kwamfutar tebur, da wuta daga soket irin na disket, mai 44 ga laftof. Akwai adaftar SD zuwa IDE, SD ya fi sauƙin samu a nan, amma tana da cif mai fassara a tsakani kuma ba kowane tsohon BIOS ke shiri da ita ba. Ga 486 na fi son CF. BIOS na kafin wajen 1994 ba ya ganin fiye da 504MB, wato silinda 1024, kai 16, sekta 63, don haka katin 256MB ko 512MB ya fi na 8GB kwanciyar hankali. DOS 6.22 kuma ba ta wuce 2GB a yanki ɗaya.

A yanka katin a cikin 486 ɗin kanta, ba a sabuwar kwamfuta ba, don lissafin silinda na biyun ba ɗaya ba ne, shi ke kawo Missing operating system. A tashi daga hoton disket na DOS a Gotek, FDISK, a yi yanki a mai da shi active, a sake kunnawa, FORMAT C: /S. In ya tsaya baƙin allo bayan haka, FDISK /MBR, don katin kamara yakan zo ba lambar tashi a sektarsa ta farko.

Mai gyaran kwamfuta: Tunda an buɗe akwatin, a duba batirin allo. In mai kamar ƴar ganga ne da aka liƙa da dalma, a yanke shi yau, ruwansa yana cin layukan tagulla, koren tabo a gefensa ita ce alama. In baƙin cif ne mai rubutun Dallas DS1287 ko DS12887, batirin yana cikinsa, in ya mutu BIOS zai riƙa manta Drive A da lissafin CF duk lokacin da aka kashe, a yi ta zargin Gotek a banza.

Mai gyaran rediyo da fiyano: Hajiya, in za a yi saƙo ta Kano ko ta intanet a sayo uku, biyu na aiki ɗaya na ajiya, duka masu 435. A ce wa mai sayarwa ya turo hoton allon ciki, don kwalin waje iri ɗaya ne. Tsohon injin disket ɗin kuma kada a yar, a naɗe shi a leda a ajiye, Greaseweazle sai da shi yake aiki.

Mai shagon ɗinki: Na duba, rami ɗaya ne a disket ɗin injin surfanin, kuma 486 tana nuna fayilolinsa.

Mai gyaran kwamfuta: To DD ne na DOS. Hotunan injin surfani duka su zama na 737,280, a filas ɗinsa daban, kada a gauraya da na 1.44MB. A fara da S0.