Fitilar ABS da ƙara a GX470: a canza kan gaba ɗaya ko a gyara?

Abban Walida:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah masana harkar mota ku taimaka min da shawara. Ina da Lexus GX470 kirar 2007, tun satin da ya wuce fitilar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) da ta VSC (mai hana mota zamewa) da jar fitilar birki suka kama a dashbod lokaci daya, da farko in na kashe motar na sake tayarwa sai su dauke, to jiya da yamma ina cikin gosulo wajen Dan Agundi sai wata kara ta fara tiiii ba kakkautawa, na taka birki naji ya kafe, sai da na danna da iya karfina sannan ta tsaya. Allah ne kawai ya kiyaye ban daki mai Adaidaitan da ke gabana ba, ga yara a baya na dauko su daga islamiyya.

Na lallaba na kaita gareji. Bakaniken ko kwamfuta bai sa mata ba, yana jin karar yace kan ABS ne, wato dunkulen na'urar birkin gaba daya, ya mutu a sayo wani. Mun leka Kofar Ruwa, kudin da aka fada min na dan Beljiyam wallahi ya tada min hankali, sabo kuwa sai an yi oda. Wani a garejin kuma yace wai kar na wahalar da kaina, a zare fiyus a yanke wayar karar shikenan, ai motocin da basu da ABS kuma suna tsayawa. Wanne zan dauka?

Dan_Kurna:
Wslm Alhaji, Allah ya kara tsarewa. Ni dai inaga kar kayi gaggawar sayen komai. Corollata ta fi shekara fitilar ABS na kunne kuma birki ras, daga baya ashe wayar sensa ce ta tayar gaba ta tsinke lokacin da aka canza boris. Kudi kadan aka gyara. A duba sensa din tukunna, musamman yanzu da damina ruwa da tabo ke shiga ko ina.

Oga Rewaya:
Malam Ɗan Kurna maganarka gaskiya ce a kan Corolla, amma wannan motar tsarinta daban ne, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Corolla tana da busta (abin da ke ƙara wa ƙafa ƙarfin taka birki) mai aiki da iskar inji, wannan baƙin faifan da ke bayan masta (mai tura man birki zuwa tayoyi), ABS kuma yana gefe guda shi kaɗai, ko ya mutu birkinka na nan, abin da ka rasa kawai shi ne hana taya kullewa in ka taka da ƙarfi. GX470 ba ta da wannan faifan sam. Ita da LX470 da wasu Prado da Land Cruiser na zamaninsu, masta da busta da bawul ɗin ABS da famfo mai lantarki duk a dunƙule suke wuri ɗaya, ga wata 'yar tukunya mai iskar nitrojin a jiki wadda ke ajiye man birki a matse. Famfon ne yake cika tukunyar, ƙarfin da ke cikin tukunyar shi ne yake taimaka wa ƙafarka, kuma shi ne yake tura mai zuwa birkin baya. Idan ƙarfin ya ƙare saura birkin gaba kawai, shi ma da ƙarfin cinyarka, a mota mai nauyin sama da tan 2.

Saboda haka Alhaji, don girman Allah kar ka bari a yanke wayar ƙarar nan. Ba ado aka sa ta ba, ita ce take gaya maka ƙarfin tukunya ya yi ƙasa. Wanda ya ce a zare fiyus, in ya zaro na famfo, sau kaɗan za ka taka birkin ya kafe gaba ɗaya. Ni wannan shawarar tana ɓata min rai wallahi, domin mai ba da ita ba shi zai hau titin Zariya da iyali ba. Motar ta zauna a gareji, in za a matsa da ita a ɗauke ta, kar a tuƙa.

Amma shi ma bakanikenka ya yi sauri. A sa kwamfuta a karanta kod (lambar matsala) tukunna, wadda take shiga ɓangaren ABS ba irin 'yar ƙaramar nan da inji kawai take gani ba. In ka ga C0200, C0205, C0210 ko C0215 to sensa ce ta ɗaya daga cikin tayoyi, maganar Ɗan Kurna ke nan, sai dai sensa ba ta sa birki tauri. C1241 wuta ce ta yi ƙasa, a duba batir da altaneta da kan batir ɗin ko ya yi gishiri. C1256 tukunya ba ta riƙe ƙarfi, C1252 famfo yana daɗewa yana juyawa fiye da ƙima, C1251 kuma motar famfon ce, wato injin lantarkin da ke juya shi, ko wayarta. Ka kuma yi wannan da kunnenka: buɗe bonet, murɗa makulli zuwa ON ba tare da ka tayar ba, ka saurara ta gefen direba. Lafiyayye zai yi ɗan gurnani ya yi shiru. Ka dawo ka faɗa mana abin da ka ji.

Maman Haidar:
Sannu Abban Walida, Allah ya kiyaye gaba. Mu ma an yi mana wannan a Prado din maigidana. Abin da zan kara kawai, in har ta kai ga sayen dan Beljiyam, ku cire naku ku tafi dashi a hada lambar da ke jiki, kar a yarda da "ai duk daya ne", mu na farko da aka kawo ido bazai bambance su ba amma soket din bai shiga ba. Kuma a rubuta a rasit cewa in bai yi ba za a dawo dashi, da kwanakin gwaji, a gaban shaida. Wanda ya ki rubutawa ku bar masa kayansa.

Abban Walida:
Na gode kwarai Oga, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na samu mai kwamfuta ya zo har garejin. C1256 da C1252 suka fito, batir lafiya. Famfon kuma naji shi, yana wani kuka kamar injin markade ya shake, ya tsaya ya sake kamawa, wani lokacin sai an dan kwankwasa jikinsa yake tashi. Oga wannan gyaruwa yake ko sai canji?

Oga Rewaya:
To Alhaji an zo wurin. Tashin da yake yi in an ƙwanƙwasa alama ce ta burushin cikin motar famfon, wato 'yan gawayin da ke ba ta wuta, sun cinye, kuma ba abin mamaki ba ne ga motar 2007, abu ne da yake juyawa kullum tun ranar da ta fito. Ana iya cire famfon da tukunyar daban a bar masta da bawul, ba dole sai kan gaba ɗaya ba. A buɗe motar famfon a gani, in burushi ne kawai kuma jan ƙarfen da suke gogawa bai rarake ba, ana sa sabbi ya ci gaba da aiki. In ya rarake ko ya ƙone, canji ne, kar a lallaɓa. Ita tukunyar ba a gyara ta, in bayan an gyara famfo yana ta kamawa a kai a kai alhali ba ka taɓa birki ba kuma babu inda mai ke zuba, to ita ma ta gaji. Ka tuna ɗan Beljiyam shi ma tsoho ne, shekarunsa kusan ɗaya da naka, shi ya sa ni in aljihu zai iya na fi son famfo da tukunya sabbi a kan tsohon kai cikakke.

Wajen aikin ka tsaya a kansu. Kafin a kwance ko bututu ɗaya, a kashe makulli a taka birki sama da sau 40 har ƙarfin tukunyar ya fita duka, in ba haka ba mai zai feso da ƙarfin da zai iya ji wa mutum ciwo a ido, kuma yana cin fenti. A zuba man birki DOT 3 daga sabuwar roba da aka fasa a gabanka, ba ragowar da ta kwana a buɗe ba, domin man birki yana shan danshi. Cire iska kuma ba irin na "taka, riƙe, saki" kawai ba ne, na baya makulli a ON ake yi famfo ya turo man da kansa, iskar da ta maƙale cikin bawul kuwa da kwamfuta ake fitar da ita, Techstream ta Toyota ko wata mai irin aikinta. In ta kai ga an canza kan gaba ɗaya sai an ajiye motar a wuri mai daidai, giya a P, a yi mata saitin sifili na sensar da ke auna karkata da raguwar gudu, in ba haka ba fitilar VSC za ta dawo da C1336. Daga nan a goge kod, a gwada ta a fili inda ba mutane, a taka da ƙarfi har ka ji feda tana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafa.

Abban Walida:
Madalla Oga. Gobe in Allah ya kaimu da safe za a bude famfon a gabana, zan dauko hoton cikinsa na turo ka gani kafin na biya kudin komai.