Lissafin Timer1 na tsallake 256 tsakanin assembly da C

Salamu alaikum, malamai. Daga Damagaram nake neman taimako kan ATmega328P (ƙaramar kwamfuta a guntu ɗaya, wato microcontroller) mai gudu a 16 MHz, na famfon sola.

Katsewar (interrupt) TIMER1_COMPA_vect, wadda agogon Timer1 ke tayarwa, a fayil ɗin .S na assembly take, tana shiga kowane microsecond 10, wato zagayen agogo (clock cycle) 160 kacal, shi ya sa ba a bar wa avr-gcc, manhajar harhaɗa C, ita ba. Tana ajiye rajistar yanayi SREG da rajistoci r24 da r25, ta ƙara 1 kan ma'auni mai bit 16, ta fita da umarnin reti. A ɓangaren C an sa wa ma'aunin volatile, don a riƙa karanto shi daga ƙwaƙwalwa kowane lokaci.

Matsalar ita ce, sa'ad da yake ƙetarawa daga 0x01FF zuwa 0x0200, wani lokaci C na karanto 0x02FF. Lds (umarnin karanto byte ɗaya) biyu ake yi, katsewar na faɗowa tsakaninsu. ATOMIC_BLOCK, mai kashe katsewa da umarnin cli yayin karantawa, na magance wannan, amma cli na jinkirta katsewar, lokacin shigarta sai ya riƙa rawa.

In na keɓe wa ma'aunin r2 da r3 da zaɓin -ffixed na avr-gcc, a karanta da movw (mai kwafe rajista biyu tare) a zagaye ɗaya, ayyukan laburaren C na avr-libc da aka riga aka harhaɗa ba za su taka su ba? Ko karantawa sau biyu a kwatanta ya fi aminci? Allah ya saka da alheri.