Kafin ka sayi wasan bidiyo na na'urar hannu da aka ciro daga fim

Shawarar da ta fi yawa a bakin waɗanda suka daɗe suna buga irin waɗannan wasanni ita ce kada hoton jarumin da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Kamfani yakan biya kuɗi mai yawa don samun izinin amfani da sunan fim, sannan a matsa wa masu haɗa wasan su gama kafin ranar fitowar fim ɗin. Gaggawar nan ke kashe inganci. An kawo misalin wasan fim ɗin E.T. na kamfanin Atari a 1982, wanda aka haɗa cikin makonni biyar da 'yan kwanaki, ya jawo asara mai yawa.

A na'urar hannu abin ya fi tsanani. A zamanin na'urorin hannu na Game Boy Advance da Nintendo DS, sau da yawa wani kamfani daban ake ba aikin, sai ka ga suna ɗaya da na PlayStation, na'urar da ake haɗawa da talabijin, amma ciki ba abin da ya haɗa su. Shi ya sa suka ce ka nemi sharhin da aka yi kan nau'in na'urarka.

Ka kuma kalli bidiyon yadda ake buga shi. Rubutun yana karantuwa a ƙaramin allo? Za ka iya tsayawa ka ci gaba daga inda ka tsaya? Ni wannan ya fi damuna, domin wasan hannu ɗauka ake yi a ajiye.

Wasu dai sun ce ga ƙananan yara ba laifi, ganin jarumin da suke so ma ya ishe su.