Shirin rubutun nazari a jarrabawar GRE

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin rubuta GRE domin karatun digiri na biyu a Amurka. Ta yaya zan ƙware a sashen rubutun nazari?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun Satumban 2023 maƙala ɗaya ake rubutawa cikin minti 30, kuma hukumar ETS, mai shirya jarrabawar, ta wallafa jerin batutuwan, saboda haka ka riƙa zaɓar ɗaya kullum kana rubutawa da agogo a gabanka.

Amsa: A ganina, abin da ya fi muhimmanci shi ne ka kawo hujja mafi ƙarfi ta masu saɓa wa ra'ayinka, sannan ka warware ta da misali na zahiri.

Amsa: Makin daga 0 zuwa 6 ne, Malam. Nemi wanda zai riƙa duba maka rubutun.