Neman shawara: siffar kifi ce ke jawo yawan nau'insa, ko kuwa?

Ɗalibi daga Ɗorayi: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina ajin ƙarshe a fannin nazarin halittu, aikina na kammalawa a kan kifayen ruwan daɗi ne. Na rubuta cewa duk dangin kifin da siffar jikinsa ta fi saurin canzawa a tsawon zamani, shi ya fi yawan nau'i. Malamina ya dawo min da babin, ya ja jan biro a ƙarƙashin jimlar, ya rubuta: "To yauni fa?" Kalma uku kenan, kwana huɗu ina juya su. Saura wata biyu in miƙa aikin. In canza taken ne ko in gyara? A taimaka.

Malama daga Gwale: Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka taɓa taken, malaminka hanya ya nuna maka. Ka taɓa kallon yauni da kyau? Ba shi da fiffiken wutsiya irin na sauran kifi, sai dai yana da wani dogo a gadon baya, da shi yake kaɗa ruwa, ya yi gaba ya yi baya jikinsa a miƙe. Har lantarki mara ƙarfi yake fitarwa yana lalube da shi cikin ruwa mai dauɗa, abin da masanin halittu Hans Lissmann ya gano a 1951. Siffa dai ta yi nisa iya nisa, amma shi kaɗai ne a danginsa. 'Yan uwansa na kusa kuwa, dangin su miligi, sun kai nau'i 200, kuma da yawansu ido bai cika raba su ba, sai an auna irin lantarkin da kowanne ke fitarwa. Ka ƙara da gaiwa: ga huhu, ga kwanciya cikin laka duk tsawon rani, amma nau'i huɗu ne kacal a duk Afirka.

Ɗalibi daga Ɗorayi: Malama, kenan babu alaƙa sam?

Malama daga Gwale: Akwai mana, sai dai ba dole ba ce. Duba dangin karfasa. Suna da muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro da ke niƙa abinci, shi ya sa wani masanin kifaye, Karel Liem, ya kawo ra'ayi a 1973 cewa bakin waje ya samu sararin canzawa yadda ya ga dama. A tafkin Malawi akwai ɗaruruwan nau'i: mai kankare gansakuka a jikin dutse, mai fasa katantanwa, mai farautar ƙanana. A tafkin Tanganyika har da mai cin ɓawon jikin wasu kifaye, bakinsa a karkace hagu ko dama. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Biktoriya: tafkin ya ƙafe kimanin shekara 15,000 da suka wuce, amma daga baya aka samu nau'i wajen 500 a cikinsa, wasu bambancinsu bai wuce launin namiji ba, mace ta zaɓi ja ko shuɗi. Ga dai wannan muƙamuƙin a karfasar da ke dam ɗin Tiga, amma nawa ne nau'inta? Ba sa cika yatsun hannu biyu. Wurin zama ma yana da nasa hannun a ciki: zurfi, duwatsu, hasken ruwa.

Ɗan mai kifi, Fagge: Ni ban yi wannan karatun ba, amma a gaban tire na tashi. Yaro, in awo za ka yi, ka zo kasuwar Galadima da sassafe kafin a fara yanka. Kada ka kuskura ka auna banda, tarwaɗar da aka lanƙwasa wutsiyarta ta haɗu da baki me za ka gani a jikinta? Sannan ka tambaya ko ta kiwo ce. Ta kiwo ƙiba gare ta, ta rafi a tsuke take, in ka haɗa su za ka ɗauka iri biyu ne. Kurungu kuma ka yi hankali da ƙayarsa, in ya miƙe ta ba ta kwanciya da ƙarfin tsiya. Kuma don Allah ka sayi ko rabin kilo kafin ka ciro waya, kar a ce ka zo tare wa mutane ciniki.

Tsohon ɗalibi, Tarauni: Abin da Baba ya faɗa shi ne aikin ma. Ka kwantar da kowane kifi a ɓangare ɗaya, kai na kallon hagu, ka ajiye rula a gefe, ka ɗauki hoto daga sama daidai. Ka zaɓi dangi biyar ko shida, ka auna zurfin jiki da tsawon kai, ka kwatanta da yawan nau'in kowane dangi. Jimlar nan ka mai da ita tambaya.

Ɗalibi daga Ɗorayi: Allah ya saka da alheri. Baba, ranar Asabar ana samun yauni?

Ɗan mai kifi, Fagge: Ba kullum ba, kuma da tsada. In ya shigo zan yi maka magana a nan, ka taho da kuɗinka.